HAƊA KAI WAJEN DASHEN SHINKAFA: YADDA ZA A CIMMA MATSAYA IDAN RA'AYIN MANOMA YA BAMBANTA

Gabatarwa

Duk malamin gonan da ya taɓa zama da ƙungiyar manoman shinkafa kafin faɗuwar damina ya san wannan al'amari. Kowa a wurin taron ya yarda cewa alheri ne a dasa shinkafa lokaci guda, a kuma yi amfani da iri ɗaya. Amma da zarar an zo kan maganar wace rana za a fara, ko wane iri za a ɗauka, sai taro ya rabu biyu. Masu gonaki a gefen tudu su ja nan, masu gonaki a cikin kwari su ja can. Sau da yawa haka ake watsewa ba tare da an tsayar da magana ba, kowa ya yi gaban kansa, a ƙarshe tsuntsu da ƙwari su ci rabon kowa.

Manufar wannan bayani ita ce a nuna maka, ya kai manomi, da kai malamin gona, yadda irin wannan saɓani yake, abin da masana suka gano game da shi, da kuma hanyoyin da ƙungiya za ta bi ta warware shi tun kafin a zuba iri a gadon reno.

Amfanin yin aiki lokaci guda

Akwai dalilai huɗu da suka sa ake ba manoman fadama ɗaya shawara su daidaita lokacin aikinsu.

1. Tsuntsaye. Jan-baki yakan fi yin ɓarna daga lokacin da ƙwayar shinkafa take madara har zuwa nuna. Gonar da ta riga sauran fitar da kai, ko wadda ta saura ita kaɗai bayan kowa ya girbe, ita ce garken tsuntsayen zai taru a kanta. Idan kuwa fadamar gaba ɗaya ta nuna tare, ɓarnar takan rarrabu, kuma masu tsaron tsuntsu za su iya haɗa ƙarfi.

2. Ƙwari da ɓeraye. Idan ana dashe a warwatse, yau wannan, bayan wata guda wancan, ƙwari ba sa rasa abinci. Sukan hayayyafa a gonar farko, sannan su afka wa ta baya da ƙarfi. Haka tsutsa mai huda kara take yi, haka ma ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke mayar da ganyen shinkafa kamar ganyen albasa, wanda ya yi mummunar ɓarna a shekarar 1988 a yankin Abakaliki, da ke cikin Jihar Ebonyi a yau. Daidaita lokacin dashe yana cikin manyan hanyoyin rage shi.

3. Injuna da sufuri. Mai tarakta ko mai injin sussuka ya fi son zuwa inda zai tarar da aikin kadada masu yawa a jere. Kuɗin kawo injin yakan yi sauƙi idan mutane da yawa suka raba shi.

4. Kasuwa. Masu injin casa sun fi son shinkafa iri ɗaya, domin idan an gauraya doguwar ƙwaya da gajeriya takan kakkarye wajen casa. Ƙungiyar da za ta iya cika mota da iri ɗaya tana da bakin magana wajen ciniki.

Abin da ke kawo bambancin ra'ayi

Kada a ɗauka cewa taurin kai ne kawai ke sa manoma ja-in-ja. Yawanci kowa yana da hujjarsa ta gaskiya. Manomin da gonarsa take gefen tudu, inda ruwa ke saurin janyewa, zai fi son iri mai saurin nuna kamar FARO 44, wanda kan nuna cikin kimanin kwana 110 zuwa 120. Wanda gonarsa take cikin kwari, inda ruwa ke daɗewa kuma ƙasar take da tsatsa, zai fi son FARO 52, wanda aka fitar a 2001, domin yana jure irin wannan ƙasa, ko da yake yakan ɗara FARO 44 da kimanin mako biyu kafin ya nuna. Wanda ambaliya ke shanye gonarsa kuwa hankalinsa yana kan FARO 66 ko FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 saboda jure nutsewa cikin ruwa.

Haka abin yake game da rana. Mai masara ko gyaɗa a tudu yana son a jinkirta dashe har ya gama noman farko. Wanda shinkafa kaɗai ya dogara da ita yana son a fara da wuri domin ya riski kasuwa kafin farashi ya faɗi. Kowa yana son a tafi tare, amma kowa ya fi son a bi ta hanyar da ta fi masa daidai.

Abin da masana suka gano

Akwai wani fanni na ilimin lissafi da tattalin arziki da ake kira nazarin dabarun wasa. An kira shi haka ne domin yana duba yanayin da sakamakon zaɓin mutum ya rataya a kan zaɓin wani, kamar yadda ɗan dara ba ya ajiye ɗansa sai ya yi tunanin inda abokin karawarsa zai ajiye nasa. John von Neumann da Oskar Morgenstern ne suka kafa harsashin fannin da littafin da suka wallafa a Amurka a 1944. A 1950 John Nash ya bayyana abin da za mu kira matsaya mai zama da gindinta, wato yanayin da babu wanda zai ƙaru idan ya sauya zaɓinsa shi kaɗai, matuƙar sauran ba su sauya nasu ba.

A 1957 wasu masana biyu, Duncan Luce da Howard Raiffa, suka kawo misalin da ya yi daidai da matsalarmu. Miji da mata suna son fita tare da yamma. Mijin ya fi son zuwa kallon dambe, matar ta fi son zuwa kallon rawa, amma kowannensu ya gwammace ya bi ɗan'uwansa da ya tafi shi kaɗai. A nan akwai matsaya biyu, kuma kowace za ta iya zama da gindinta: ko su tafi dambe tare, ko su tafi rawa tare. Wahalar ita ce wace za a ɗauka, tunda kowace ta fi yi wa mutum ɗaya daɗi. Wannan shi ne ainihin halin da manomin tudu da manomin kwari suke ciki.

Misali da lissafi

Alƙaluman da ke ƙasa misali ne kawai domin a fahimci yadda abin yake. Kowace ƙungiya sai ta sa nata alƙaluman bisa ga abin da ta saba samu. A ɗauka maƙwabta biyu ne, kowa da kadada ɗaya.

(a) Idan duka biyu suka dasa da wuri: manomin tudu buhu 40, manomin kwari buhu 30.
(b) Idan duka biyu suka jinkirta: manomin tudu buhu 30, manomin kwari buhu 40.
(c) Idan suka saɓa, ɗaya da wuri ɗaya a makare: kowa buhu 20, saboda tsuntsu da ƙwari.

Ka lura da abubuwa uku. Na farko, wanda ya haƙura ya bi maƙwabcinsa ya samu buhu 30, wanda ya fi buhu 20 da zai samu idan ya tsaya kan ra'ayinsa shi kaɗai. Na biyu, da zarar an amince da (a) ko (b), babu wanda zai amfana da saɓa alkawari, domin wanda ya fita daga sahu shi ne farkon wanda zai yi asara. Na uku, jimillar amfanin gonakin biyu buhu 70 ne idan an haɗa kai, buhu 40 idan an saɓa. Ke nan ja-in-ja a kan bambancin buhu 10 tana iya salwantar da buhu 30.

To, yaya idan ba su zauna sun yi magana ba, kowa yana ta kirdadon abin da ɗaya zai yi? Lissafi ya nuna cewa a wannan misali, idan kowa ya tsaya kan ra'ayinsa sau biyu cikin uku, ya sassauta sau ɗaya, za su saɓa a damina biyar cikin tara, kuma abin da kowa zai riƙa samu a tsaka-tsaki bai kai buhu 27 ba. Wato ko wanda yake haƙura kowace shekara ya fi su samu. Darasin shi ne, kirdado ya fi haƙuri tsada.

Sai dai akwai wani gefen. Idan kullum ɓangare ɗaya ne ke haƙura, cikin damina biyar ya yi asarar buhu 50 idan aka kwatanta da maƙwabcinsa. Mutum ba lissafi kaɗai yake bi ba. Wanda yake ganin an mayar da shi saniyar ware zai iya gwammace kowa ya rasa. Saboda haka yarjejeniyar da ba adalci a cikinta ba ta cika yin tsawon rai ba.

Yadda za ka gane irin saɓanin da ke gabanka

Ba kowane saɓani ne yake da magani ɗaya ba. Kafin malamin gona ya ba da shawara, ya kamata ya tantance wanne ne daga cikin waɗannan ukun.

Na ɗaya, inda kowa ba ya damuwa da wanne aka zaɓa, muddin dai an zaɓi ɗaya, kamar ranar taron wata-wata. Wannan sanarwa kaɗai yake buƙata.

Na biyu, inda kowa yake son a haɗu, amma kowa da zaɓin da ya fi so, kamar ranar dashe, irin da za a shuka, wurin tara amfani, ko ranar da za a bar shanu su shiga gonaki bayan girbi. Wannan shi ne abin da muke magana a kai. Yana buƙatar hanyar zaɓe da kowa ya yarda da ita, da kuma raba riba cikin adalci.

Na uku, inda mutum zai ƙaru idan ya karya alkawari a ɓoye, kamar buɗe ruwa da dare ba a ranarsa ba, ko ƙin fitowa aikin gayyar yashe magudanar ruwa. Wannan yana buƙatar sa ido da tara.

Tambayar da za ta raba maka na biyu da na uku ita ce: idan kowa ya cika alkawari, shin mutum ɗaya zai ci riba idan ya saɓa shi kaɗai? Idan amsar a'a ce, to tsananta doka da tara ba shi ne kan gaba ba. Ƙarfinka ka sa shi wajen sasanta zaɓin.

Hanyoyin cimma matsaya

1. A zauna da wuri. A yi taron aƙalla wata guda kafin zuba iri. Wanda ya riga ya sayi iri ko ya karɓi bashi a kan wani tsari ba zai iya sassautawa ba ko da yana so.

2. A fara lissafa asarar rashin jituwa. Kafin a taɓa maganar rana ko iri, a bar manoma da bakinsu su faɗi abin da tsuntsu da ƙwari suka ci musu bara. Idan kowa ya ga girman abin da ake rasawa, bambancin da ake jayayya a kansa yakan ƙanƙance.

3. A yi karɓa-karɓa. Bana a bi zaɓin masu tudu, baɗi a bi na masu kwari. A misalinmu kowa zai tashi da buhu 35 a tsaka-tsaki. A rubuta wannan a littafin ƙungiya gaban shaidu, domin wanda ya haƙura bana ya tabbata cewa baɗi tasa ce.

4. A jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Masani Robert Aumann ya nuna a 1974 cewa idan mutane suka amince su bi wata alama da kowa yake gani, za su iya samun sakamakon da ya fi na kirdado. Sharaɗin shi ne a amince da ƙuri'ar kafin a jefa ta, kuma a jefa ta gaban kowa. Ƙuri'a ta fi dacewa da yanke wanda zai fara a tsarin karɓa-karɓa.

5. A rage wa wanda ya haƙura asara. Idan zaɓi ɗaya ya fi kawo wa ƙungiya amfani a jimlace, a ɗauke shi, sannan waɗanda suka ci riba su saka wa sauran. Ba lallai ne sakayyar ta zama kuɗi ba. Ana iya ba su farkon layi wajen tarakta ko injin sussuka, ko a rage musu kuɗin tsaron tsuntsu, ko a yi musu gayyar dashe.

6. A nemi fitacciyar alama. Thomas Schelling, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel tare da Aumann a 2005, ya nuna tun 1960 cewa mutane sukan haɗu cikin sauƙi a kan abin da ya fita daban a idon kowa. A wurinmu wannan na iya zama hasashen faɗuwar damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, ko ranar da za a saki ruwa a babbar magudana, ko ranar kasuwa ta farko bayan ruwa ya zauna. Amfanin irin wannan alama shi ne ba ta fito daga bakin ɗayan ɓangarorin ba, don haka bin ta ba faɗuwa ba ce ga kowa.

7. A faɗaɗa zaɓi da ilimin noma. Wani lokaci ana iya biya wa kowa buƙatarsa. Idan tsuntsu ne babbar matsala, abin da ake nema shi ne shinkafar ta nuna tare. Sai masu FARO 52 su riga masu FARO 44 zuba iri da dashe da kimanin mako biyu, kowa ya riƙe irin da ya dace da ƙasarsa. Haka kuma ana iya raba fadama gida biyu, kowane gida da irinsa, a tara amfanin daban-daban domin kada ya gauraya. Amma a kula: idan ƙudan nan mai mayar da ganye kamar na albasa ne ya addabi yankin, lokacin dashe ne ya kamata a matse, domin shi yana kama shinkafa ne tun tana 'ya'ya.

Hattara da riga-kafin dole

Akwai wata dabara da wasu manyan manoma kan yi: su riga kowa zuba iri, sannan su zo taro su ce ai aikin gama ya gama. Nazarin dabarun wasa ya nuna cewa wannan dabara takan ci, domin sauran sun gwammace su bi da su saɓa. Amma cin nata na ɗan lokaci ne. Ranar da ɓangare na biyu shi ma ya yi haka, kowa ya faɗa cikin asara, kuma amana ta riga ta zube. Ya kamata dokar ƙungiya ta hana zuba iri kafin ranar taro.

Darasi daga tsibirin Bali

A tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, manoman shinkafa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tafiyar da ban-ruwa ta hanyar ƙungiyoyin da suke kira subak. Masu gonaki a saman kogi suna da ruwa isasshe, damuwarsu ƙwari ce, don haka suna son kowa ya shuka ya kuma huta da gona lokaci guda. Na ƙasan kogi kuwa ƙarancin ruwa ne damuwarsu, kuma idan kowa ya buɗe ruwa rana ɗaya su ne za su rasa. Masani Stephen Lansing, wanda ya daɗe yana nazarin tsarin, ya nuna cewa buƙatar juna ce ta riƙe su: na sama suna sakar wa na ƙasa ruwa, na ƙasa kuma suna bin jadawalin shuka na bai ɗaya.

A shekarun 1970, da aka kawo sababbin irin shinkafa, an umarci manoma kowa ya shuka da zarar ya samu dama, ba tare da jiran jadawalin ba. Abin da ya biyo baya shi ne yaɗuwar ƙwari da cututtuka da rikicin ruwa, har daga baya aka koma ga daidaita lokacin shuka. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya wannan tsari cikin jerin kayan tarihi na duniya. Abin koyi a nan shi ne, sabon iri komai kyansa ba ya maye gurbin tsarin da ke haɗa kan manoma.

Aikin malamin gona

Malamin gona mai shiga tsakani ne. Saboda haka:

- Kada ya zo taro da matsayarsa a aljihu. Ya kawo bayanin kwanakin nunar kowane iri da yanayin ƙasar da ya dace da shi, ya bar zaɓi ga masu gonaki.
- Ya tabbatar an ji ta bakin masu ƙananan gonaki, da mata manoma, da masu aron gona, domin su ne aka fi sa wa haƙurin dole.
- Ya gayyato mai unguwa ko sarkin noma ya zama shaida, amma a guji barin wanda yake da gona a ɓangare ɗaya ya zama shi ne alƙali.
- Ya nemi a ba da tazara mai yiwuwa, kamar a ce kowa ya gama dashe cikin mako biyu zuwa uku, maimakon rana ɗaya tak da ƙarancin ma'aikata ba zai bari a cika ba.
- Ya rubuta abin da aka samu bayan girbi, domin taron baɗi ya tsaya a kan alƙaluma na gaskiya.

Binciken Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a 2009, ya nuna cewa dokokin da masu amfani da ruwa ko makiyaya ko daji suka sa hannu wajen tsara su sun fi daɗewa ana bin su.

Kammalawa

Idan kai manomi ne, kafin ka tashi daga taro cikin fushi, ka auna abu biyu: abin da za ka rasa idan ka bi 'yan'uwanka, da abin da za ka rasa idan ka dasa kai kaɗai. Idan na biyun ya fi yawa, ka bi, amma ka nemi a rubuta haƙƙinka na baɗi. Idan kuma zaɓinka ne ya yi rinjaye bana, ka tuna cewa haƙurin maƙwabcinka ne ya cika maka rumbu, ka saka masa tun bai tambaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Domin ƙarin bayani a kan irin da ya dace da fadamarku da lokacin dashe a yankinku, sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jiharku.